Ina ya kamata kuɗin kare birin orangutan su tafi?

An yi tambaya cewa idan mutum, ko wata ƙungiya, na da kuɗin da ake son bayarwa domin kare birin orangutan na dazuzzukan tsibiran Borniyo da Sumatra a ƙasashen Indunusiya da Malesiya, a ina ya fi dacewa a zuba su? A cibiyoyin renon marayun birai, waɗanda hotunansu da kwalbar madara a baki suka cika Facebook, ko kuwa akwai inda ya fi nan? Kuma ta yaya mai bayarwa zai gane cewa kuɗinsa sun yi abin da aka ce za su yi?

Kaso mafi tsoka ya kamata ya tafi wajen tsare dajin da har yanzu yake tsaye da birai a cikinsa, da hana kashe su a ciki da gefensa. A kuma bayar da shi a matsayin kuɗin gudanarwa na shekaru masu yawa, ba kyautar da za a yi bikinta rana ɗaya a watse ba. Renon marayu yana da nasa hakki, zan zo kansa, amma shi ne hanya mafi tsada ta ƙara biri ɗaya a daji.

Dalilin farko yana jikin dabbar kanta. Macen orangutan ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 15, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara 6 zuwa 8 ne, ɗa ɗaya kowane karo. A duk dabbobin tudu masu shayarwa babu mai tazarar haihuwa irin wannan. Mace guda, tsawon rayuwarta, da wuya ta yaye fiye da 'ya'ya 4 ko 5. Shi ya sa lissafin masana ya nuna cewa idan ana kashe abin da ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na biran wani daji a kowace shekara, wata rana za a neme su a rasa, ko da ba a sare bishiya ko ɗaya ba. A dajin da ke da birai 500, kashe 5 zuwa 10 a shekara ya isa ya karya su ke nan. Duk jaririn da ka gani a keji kuwa, kusan tabbas an kashe uwarsa kafin a same shi, domin ba ta sakin ɗanta tana numfashi.

Jinsi uku ne. Na Borniyo sun fi yawa, ƙiyasin 2016 ya sa su wajen 104,700. Na Sumatra kimanin 14,000 ne, akasarinsu a yankin Leuser da ya ratsa lardunan Aceh da Sumatra ta Arewa. Na uku, na Tapanuli, sai a 2017 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, ba su kai 800 ba, kuma kusan duk suna dajin Batang Toru na Sumatra ta Arewa. Duka ukun suna matakin ƙarshe kafin ɓacewa a jadawalin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu. Wani bincike da ya fito a 2018 ya ƙiyasta cewa Borniyo kaɗai ta rasa birai fiye da 100,000 tsakanin 1999 da 2015, kuma abin da ya ɗaga hankalin masu aikin shi ne mafi yawan asarar ta faru ne a dazuzzukan da ba a share ba. Wato kisa ne ya cinye su. Tambayoyin da aka yi wa dubban mutanen ƙauyukan Kalimantan, wato ɓangaren Indunusiya na Borniyo, aka wallafa a 2011, sun nuna ana kashe tsakanin 2,000 da 3,000 a shekara a matsakaici, wasu don nama, wasu don sun shiga gona, wasu don a ɗauke jariri.

An taɓa zama an bi sawun kuɗin da aka kashe. Truly Santika da abokan aikinta sun tattara abin da aka zuba a kare orangutan daga 2000 zuwa 2019, ya tasam ma dala biliyan 1, suka kwatanta kowane irin aiki da abin da ya faru da biran wurin. Sakamakon da suka fitar a 2022 shi ne tsare muhalli, sintiri, da aiki da jama'ar da ke kewaye da daji su suka fi ba da riba a kan kowace dala. Ceto da reno da sakin birai sun zo a baya. Wanda ya san aikin bai yi mamaki ba.

To wane daji za a tsare? A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka maganar gandun dajin gwamnati ce kawai, irin su Tanjung Puting, Sebangau ko Gunung Leuser. Taswirar da aka yi wa Borniyo a 2012 ta nuna kashi 22 cikin 100 kacal na yankin da biran ke zaune ne ke cikin wurare masu kariya. Kashi 29 na cikin filayen da aka ba kamfanonin katako, kashi 19 na cikin filayen da aka riga aka ba kamfanonin kwakwar manja amma ba su kai ga sharewa ba, kashi 6 na masu dashen itacen takarda, sauran kashi 24 kuwa ba su ƙarƙashin kariya, ba su ƙarƙashin kamfani. Dalili a fili yake: orangutan ɗan kwari ne, ya fi son ƙasa mai laushi kusa da kogi inda itatuwa ke 'ya'ya, irin ƙasar da mai gona ma yake so. Gandun gwamnati kuwa sau da yawa a kan duwatsu aka shata su, inda babu mai takara.

Saboda haka aikin farko na takarda ne: a sauya matsayin filin a doka. A Indunusiya baƙo ba ya sayen dajin gwamnati, amma akwai lasisin farfaɗo da daji, wanda kamfani ke karɓa kamar yadda mai katako ke karɓar nasa, sai dai shi ba sara zai yi ba. Da irin wannan lasisi ne gidauniyar BOS mai kare orangutan na Borniyo, ta hannun kamfanin da ta kafa, ta samu dajin Kehje Sewen mai faɗin sama da hekta 86,000 a Kalimantan ta Gabas a 2010. Akwai kuma takardar dajin ƙauye, da ke ba al'umma ikon kula da dajinsu na shekara 35. Takardar kanta ba ita ce ke cin kuɗi ba. Abin da ke ci shi ne tafiyar ƙafa da na'urar GPS a zagaya iyaka tare da dattawan ƙauyukan da ke maƙwabtaka, zaman sulhu a kan inda iyakoki suka hau juna, zana taswira, rubuta tsarin kula da dajin, da sintirin ofisoshi daga gunduma zuwa Jakarta. Yakan ɗauki shekaru. Inda abin ke lalacewa shi ne a samu takarda a yi biki, mai ba da kuɗi ya rubuta "an ceci hekta kaza" ya tafi, alhali ba a bar wa kwamitin ƙauyen ko kuɗin man jirgin ruwa ba.

A Sabah ta Malesiya ana iya sayen fili kai-tsaye, kuma a bakin kogin Kinabatangan haka ake yi. Mafakar dabbobin wurin, hekta kimanin 26,000, gunduwa-gunduwa ce guda 10 da gonakin manja suka raba. Ƙungiyar HUTAN, da ke aiki a can tun 1998, tare da masu ba ta kuɗi, kan sayi 'yan filayen da ke tsakanin gunduwoyin domin su haɗe. Filin yana da tsada ƙwarai tunda farashin gonar manja ake biya, amma hekta 20 da ta haɗa dazuka biyu ta fi hekta 200 a gefe. Orangutan ba ya iyo. Inda aka sare manyan bishiyoyin da rassansu ke haɗuwa a saman ƙaramin kogi, sai a ɗaura gadar igiya, har da tsoffin tiyo na 'yan kwana-kwana aka yi amfani da su. Mace takan zauna kusa da inda aka haife ta, namiji shi ke yawo, shi ne mai kai jini daga wannan daji zuwa wancan. Idan aka toshe masa hanya, ƙananan garken nan sai su koma auren gida har su lalace.

Ga wani lissafi da zai taimaka maka wajen auna duk wani aiki da aka kawo maka. Masana na ganin garke yana buƙatar aƙalla birai 250 kafin a sa ran zai ɗore, 500 kuma idan ana maganar dogon zamani. A yawancin dazukan kwari, biri 1 zuwa 3 ake samu a murabba'in kilomita. Idan ka ɗauki 2, birai 250 na buƙatar murabba'in kilomita 125, wato hekta 12,500. Wanda ya ce maka zai ceci orangutan da hekta 300 da ba ta haɗe da komai ba, tambaye shi da wane daji za ta haɗu.

Kada kuma a raina dajin katako. Orangutan yana rayuwa a dajin da aka sari itace da tsari, matuƙar ba a taɓa itatuwan abincinsa ba, musamman ɓaure, wanda ke riƙe shi a lokacin da sauran itatuwa suka daina 'ya'ya, kuma matuƙar ma'aikatan kamfanin ba sa farauta. Dajin Deramakot na Sabah, da ya samu shaidar FSC ta sare katako bisa tsari a 1997, misali ne. Kuɗin da aka kashe wajen sa kamfani ya rufe tsoffin hanyoyin tirela, ya sa shinge da mai gadi a bakin hanya, ya kori duk ma'aikacin da aka kama da bindiga, ba ya ba da hoto mai kyau, amma yana tsare birai da yawa.

Sai sintiri, wanda shi ne ƙashin bayan komai kuma shi ne masu ba da kuɗi suka fi ƙyama, don albashi ne, albashi kuwa ba ya ƙarewa. Tawaga galibi mutum 4 zuwa 6 ce, 'yan ƙauyukan yankin tare da jami'in gwamnati ɗaya, domin shi kaɗai ke da ikon kamu. Sukan kwana 10 zuwa 15 a daji. Abin da ake biya: albashi, abinci, inshorar lafiya, takalma da tanti da ke ruɓewa cikin watanni saboda laima, GPS, batura, man kwalekwale ko babur. Duk abin da suka gani, tarko, kututturen sabon sara, bukkar mafarauta, sheƙar da biri ke kwana a ciki, ana shigar da shi manhajar SMART da wurinsa, sannan shugaban sintiri ya tsara fita ta gaba bisa abin da taswirar ta nuna, haɗe da gargaɗin sare daji da ke zuwa daga tauraron ɗan adam. A Leuser, ƙungiyar FKL ta Rudi Putra, wanda ya samu lambar yabo ta Goldman kan kare muhalli a 2014, ta yi suna wajen kwance tarkuna da sare gonakin manjan da aka dasa ba bisa doka ba a mayar da su daji.

Sintiri kan mutu ta hanyoyi sanannu. Albashi ya makara wata uku, ɗan sintirin da ya fi kowa sanin daji ya koma wa masu katako da iliminsa. Ko a riƙa bin hanya ɗaya a rana ɗaya, har masu sara su haddace jadawalin. Ko a riƙa auna aiki da yawan kilomitan da aka taka, sai tawaga ta zaɓi hanya mai sauƙi. Mafi muni shi ne a kama mutum da biri a hannu, a karɓe birin a ce ya "miƙa da kansa", shi kuma ya koma gida. Dokar Indunusiya ta 1990 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar rupiya miliyan 100, an kuma ƙara tsananta ta a 2024, amma shari'o'in da suka kai ga hukunci 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan biran da ake karɓowa. Don haka ware wani kaso ga lauyoyi, masu tattara hujja da masu bin shari'a har ƙarshe yana cikin kuɗin sintiri. Shari'ar Rawa Tripa ta nuna amfanin hakan da iyakarsa: a 2014 kotun Meulaboh ta ci kamfanin Kallista Alam tarar rupiya biliyan 366 saboda ƙona dajin fadama a 2012, kotun ƙoli ta tabbatar a 2015, amma an shafe shekaru ana jan ƙafa kafin a ga kuɗin.

Wurin da zan fi daɗewa a kai shi ne dajin fadama, domin a nan ne kuɗi kaɗan ke yin babban aiki, a nan ne kuma sakaci na wata biyu ke cinye aikin shekara ashirin. Ƙasar waɗannan dazuka, da mutanen can ke kira gambut, ba turɓaya ba ce: ganye ne da itace da suka taru shekaru dubbai a cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, a wasu wurare zurfinta ya wuce mita 10. Tana jiƙe ba ta kamawa. Da an haƙa mata magudana ruwa ya janye, ta zama makamashi. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Suharto, shugaban Indunusiya na lokacin, ta so mayar da hekta miliyan 1 na irin wannan ƙasa a Kalimantan ta Tsakiya gonar shinkafa, aka haƙa magudanai sama da kilomita 4,000. Shinkafa ba ta yi ba, wuta ta samu gida. Gobarar 2015 ta ƙone kimanin hekta miliyan 2.6 a faɗin Indunusiya, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16.1. Wutar gambut irin ta ƙaiƙayi ce, tana ci ta ƙasa makonni, ta cinye saiwa, bishiya ta faɗi da ɗanyen ganyenta.

Maganin shi ne a dawo da ruwa. Dokar ƙasar ta ce kada ruwa ya sauka ƙasa da santimita 40 daga doron ƙasa. Ana toshe magudanai da ƙananan madatsai: a kafa layi biyu na turakun itacen galam, a cika tsakaninsu da buhunan ƙasa ko gambut da aka danne. Madatsa ɗaya ba ta wadatarwa. Ana jera su ne bi da bi, a auna gangaren ƙasa yadda bambancin ruwan gaba da na bayan kowace zai tsaya tsakanin santimita 20 da 40. In ya wuce haka, ruwa ya kwakule gefe ko ƙarƙashi ya wuce abinsa, domin gambut ba ta da ƙarfin riƙe nauyi. Ana kafa bututun roba mai huji a ƙasa a wurare da dama, a riƙa auna ruwa kowane wata, don a san ko aikin yana ci. Babban abin da ke karya madatsa kuwa ba ruwa ba ne, mutane ne. Magudanar nan hanyar wani ce ta zuwa kamun kifi ko fito da kaya, wani lokaci ma shi ya haƙa ta. Idan ba a zauna da shi ba, ba a bar wa kwalekwalensa mashiga a tsakiyar madatsar ba, ba a ɗauke shi aikin ginawa da gyara ba, dare ɗaya zai fasa ta da gatari.

Tare da madatsai akwai 'yan sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka, da rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa tun kafin rani a wuraren da wuta ta saba tashi, da injin ban-ruwa, tiyo, mai da takunkumin hayaƙi. Kuɗin nan dole su isa hannu kafin watan Yuli, musamman a shekarar El Nino, sauyin yanayin da ke kawo fari a yankin. Abin takaici, gudummawa ta fi zubowa ne a Oktoba, bayan hotunan hayaƙi sun zagaya duniya.

Dashen bishiya yana da farin jini, amma a bi shi da hankali. Dasa itace a gambut ɗin da ba a dawo masa da ruwa ba tara wa wuta itace ne. Ko an yi daidai, sai an yi shekaru da dama kafin itatuwan su ciyar da biri. Kada ka tambayi nawa aka dasa, tambayi nawa ke raye bayan shekara 3, da kuma wa ake biya ya riƙa yi musu noma.

Mutanen da ke gefen daji ba don ƙeta suke sara ba, yawanci buƙatar kuɗin gaggawa ce. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Sukadana, kusa da gandun Gunung Palung. Da aka tambayi mutanen, suka ce kuɗin asibiti ke tura su daji da injin yanka. A 2007 aka buɗe asibitin ASRI: ƙauyen da ya daina sara yana samun rangwame har kashi 70 cikin 100, marar kuɗi na iya biya da dashen itace ko takin gargajiya, daga baya aka fara sayen injinan yanka daga hannun masu su ana ba su jarin wata sana'a. Binciken da aka wallafa a 2020 ya samu raguwar sare daji da kimanin kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da wurare makamanta. Ba ko'ina wannan zai yi aiki ba, domin a wani ƙauyen damuwar makaranta ce ko takardar gona. Abin koyi shi ne an tambaya kafin a kashe kuɗi.

Akwai kuma rikicin gona. Biri ya shiga lambun 'ya'yan itacen durian ana gab da girbi, ko ya fizge zuciyar ƙananan kwakwa, mai gona ya ɗauko bindigar iska. A Maris 2019 an ɗauko wata macen orangutan a Subulussalam ta Aceh, hoton asibiti ya nuna harsashi 74 a jikinta, ta makance, jaririnta ya mutu a hanya. Tawagar da za a kira a waya ta iso cikin sa'o'i, ta kori birin da ƙara, ta naɗe gindin bishiya da kwano don kada ya hau, tana hana irin wannan. Ɗauke biri lafiyayye a kai shi wani daji kuwa ya zama mataki na ƙarshe. Macen da aka raba da dajin da ta haddace itatuwansa tana shan wuya, kuma ɗauke ta yakan zama share wa mai gona hanya ya ƙarasa sare gunduwar. Malamai ma suna da rawa a nan: Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2014 kan haramcin kashewa da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, ta sake ba da wata a 2016 kan ƙona daji. A Aceh da garuruwan gaɓar teku, horar da limamai kan wannan abu ne mai araha da ke shiga kunne. A can cikin Borniyo, inda yawancin al'ummomin Dayak, 'yan asalin tsibirin, ba Musulmi ba ne, dokar gargajiya ce ke da ƙarfi, kuma wasu ƙauyukan Iban tun asali haramun ne a wurinsu a kashe orangutan.

Cibiyoyin reno, irin su Sepilok da aka buɗe a 1964, Nyaru Menteng, ko cibiyar killacewa ta SOCP, shirin kare orangutan na Sumatra, kusa da Medan, dole ne su kasance, domin idan babu inda za a kai birin da aka ƙwato, jami'i ba zai ƙwato ba. Sai dai ka san abin da kake saye. Jariri yana fara da killacewa da gwajin tarin fuka da ciwon hanta, sannan shekara 6 zuwa 8 yana koyon hawa, neman abinci da yin sheƙa, sannan tsibirin gwaji, sannan tafiyar kwanaki a mota da kwalekwale, wani lokaci da helikwafta, zuwa dajin da babu biran asali da yawa, sannan a bi shi da na'urar da aka dasa masa a ƙarƙashin fata. Rahotannin da aka tattara a 2009 sun nuna waɗanda ke rayuwa bayan saki tsakanin kashi 20 ne da 80 cikin 100, gwargwadon wuri. Makafi, guragu da masu tarin fuka ba za su taɓa fita ba, kuma suna iya kai shekara 50. Shirin gwamnati na 2007 ya yi alkawarin sakin duk na cibiyoyi kafin 2015, bai yiwu ba. Inda sakin ya fi ma'ana shi ne inda yake kafa sabon garke, kamar Bukit Tigapuluh a Jambi da Jantho a Aceh, ko yake zama dalilin tsare wani babban daji.

Manyan kuɗi kuwa ba daga masu "ɗaukar nauyin biri" suke fitowa ba. Norwe ta yi wa Indunusiya alkawarin dala biliyan 1 a 2010, a biya gwargwadon raguwar sare daji. Indunusiya ta fice daga yarjejeniyar a 2021 saboda jinkirin biya, aka ƙulla sabuwa a 2022, sannan dala miliyan 56 na farko suka shiga. Amurka ta yafe bashi a mayar da shi aikin daji: kimanin dala miliyan 30 ga Sumatra a 2009, da miliyan 28.5 ga Kalimantan a 2011, gidauniyar KEHATI ke rabawa ga ƙungiyoyin gida. Akwai sayar da takardun kabon, inda kamfanoni ke biya a tsare daji don rage alhakin hayaƙin da suke fitarwa, kamar aikin Katingan Mentaya mai hekta kusan 150,000, wanda ke dacewa da dajin gambut tunda kabon ɗinsa a ƙasa yake jibge. Amma kasuwar tana tangal-tangal, dokokin fitar da takardun waje sun sha sauyawa, kuma aikin Rimba Raya da ke gefen Tanjung Puting sai da gwamnati ta soke lasisinsa a 2023 magana ta kai kotu. Yawon buɗe ido yana ciyar da garuruwa irin su Bukit Lawang, amma 2020 ta nuna yadda yake tsayawa cak, ga kuma haɗarin mura da tari daga baƙi zuwa birai. Ƙaurace wa manja gaba ɗaya, a ganina, ba mafita ba ce: kwakwar nan, wadda asalinta ta Afirka ta Yamma ce aka kai ta lambun Bogor a 1848, tana ba da kimanin kashi 35 cikin 100 na man girkin duniya a kan ƙasa da kashi 10 na filin da ake noman mai. Bin diddigin wace matatar ke karɓar kwakwa daga sabon sara, a fallasa ta ga masu saye, ya fi tasiri.

Abin da duk waɗannan hanyoyi suka gaza bayarwa shi ne kuɗin da ba ya yankewa. Shi ya sa asusu irin na waƙafi, wanda ake juya uwar kuɗin a ci riba kawai, ya fi dacewa da aikin daji. A misali, wurin da ke cin dala 200,000 a shekara, idan ana cire kashi 4 cikin 100, yana buƙatar asusun dala miliyan 5. Mai ƙaramin ƙarfi kuma, dala 1,000 a kowace shekara har shekara 10 ba tare da sharaɗin sai an sayi kaza ba, ta fi wa ƙungiya amfani a kan 10,000 lokaci ɗaya da aka ɗaure da gina ofis.

Kafin ka bayar, nemi taswirar wurin da iyakokinsa da lambar takardarsa, ka buɗe shafin intanet na Global Forest Watch ka duba da idonka abin da ya faru da dajin a shekaru 10 da suka wuce, kyauta ne. Nemi rahoton binciken kuɗi na waje, ka ga nawa ke isa Kalimantan ko Aceh, nawa ke tsayawa a ofishin Landan ko Sidni. Tambayi wane ne zai biya albashin 'yan sintiri a shekara ta huɗu.

Sannan tambayi yadda suke ƙirga biran. Ba birai ake ƙirgawa ba, sheƙarsu ake ƙirgawa, domin kowane babba yana lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci kusan kowane dare. Ana bin miƙaƙƙen layi a daji, a rubuta kowace sheƙa da nisanta daga layin, sannan a raba yawan sheƙa a murabba'in kilomita da abubuwa uku da aka ninka: kason biran da ke yin sheƙa, wajen 0.9 tunda jarirai da uwa suke kwana. Sheƙa nawa biri ke yi a rana, kusan 1 a Borniyo, fiye da haka a Sumatra. Da kwanakin da sheƙa ke yi kafin ta ɓace. Wannan na ukun shi ne tarkon. Ya danganta da irin itace da ruwan sama, daga wata 3 zuwa fiye da shekara. Idan aka ari adadin wani daji, aka sa kwana 200 a inda gaskiyar kwana 400 ne, biran sun ninka biyu a takarda. Haka kuma idan aka share dajin maƙwabta, biran da suka gudo sukan cunkushe a wanda ya rage, sheƙa ta yi yawa na ɗan lokaci, rahoto ya ce an samu ƙari. Dabbar da ke haihuwa sau ɗaya a shekara 7 ba ta ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 a shekara 3. Ƙungiyar da ta auna ruɓewar sheƙa a dajinta da kanta, take maimaita layuka iri ɗaya a lokaci iri ɗaya na shekara, za ta iya nuna maka takardun.